Shuɗin Zare a Aljihun Kwat

Auta ta zalunci ɗan mutane, kuma ta san ta zalunce shi. Kuskure kowane mai sana'a yana yi, babu wanda zai kama ta da wannan. Laifinta shi ne kwana goma sha tara da ta yi gaskiya na rataye a bayan ƙofar ɗakinta, tana ganinta safe da yamma, bakinta a rufe.

Kayan gwanjo take sayarwa ta waya. Ɗakinta na jikin shagon ɗinkin babanta: igiya biyu cike da hanga, tebur, dutsen guga, da farin bango inda take ɗaukar hoto. Takan sayo dila, wato ƙunshin gwanjo, ta tsince masu kyau, ta wanke, ta goge, ta ɗora a shafinta, mai babur ya kai wa wanda ya saya.

Masu saye sun sha wahalar da ita. Wata ta saka riga ta je taro, washegari ta dawo da ita ta ce ta yi mata kaɗan. Wani ya karɓi wando lafiyayye, ya dawo da nasa tsoho mai kama da shi ya ce a yage ya zo. Sai Auta ta ƙirƙiro dabara. Duk kayan da ta duba ta yarda da shi, takan yi masa ɗinki uku da shuɗin zare a cikin aljihu ko ƙarƙashin kalmasa. Kaya ya dawo da zarensa, ta mayar da kuɗi ba gardama. Ya dawo babu zare, to ba nata ba ne. Har sunan shafin ta sa Shuɗin Zare, kuma tana ji da wannan dabara fiye da kima.

Wata Talata da hantsi wani saurayi ya yi sallama. Sai da ya ranƙwafa kafin ya shigo. Siriri ne, rigarsa wankakkiya tas amma wuyanta ya fara cinyewa, ya riƙe leda da hannu biyu.

“Nan ne Shuɗin Zare?”

“Nan ne. Ka ƙara sunkuyawa, Malam, ƙofar ba ta san da zuwanka ba.”

Ya yi dariya, wushiryarsa ta bayyana. Auta ta tsinci kanta tana gyara mayafin da bai karkace ba.

“Ai na saba. Dogo ake ce mini, babu ƙofar da ban gaisa da ita ba,” in ji shi. Ya zaro kwat mai launin toka ya shimfiɗa a tebur. “Ba rigima na kawo ba, Malama. Kwana huɗu ke nan na saye ta a wurinki. Jibi ina da intabiyu, aikin kula da sito a wani kamfani. Sai na ga wannan.”

Ya ɗaga wuyan rigar. A ƙasansa akwai ƙunar dutsen guga, faɗinta ya kai tafin hannu.

“A hoto babu ita. Ko ki canza mini, ko ki mayar mini da kuɗina in nemi wata kafin jibi.”

Auta ta zura yatsu a aljihun ciki tana murmushi. Ta laluba, ta juyo aljihun waje. Babu zare. Murmushin ya ɗauke.

“Wannan ba rigata ba ce.”

“Ita mai babur ya miƙo mini, a ledarki, da takardarki.”

“Ku dai ba kwa gajiya. Ina tawa? Ka sayar, ko tana gida ka ajiye wa intabiyun?”

Dogo ya kalle ta. “Ki dube ni da kyau, baiwar Allah.”

“Na duba. Duk waɗanda suka yi mini haka da fara'a suka shigo.”

Bai ƙara musu ba. Ya naɗe ledar ya sa a aljihu, ya bar rigar a kan tebur, ya ranƙwafa ya fita. Da la'asar saƙonsa ya shigo:

“Salamu alaikum. Ni ne dogon da ya zo ɗazu. Ki daure ki sake duba kayanki, wataƙila an samu kuskure wajen naɗewa. Ni ban iya ƙarya ba, ko na gwada ba ta yi mini kyau. Na gode.”

Minti biyar sun ishe ta ta duba. Ba ta duba ba. Haushi take ji, kuma rabin haushin na kanta ne, don mutumin ya burge ta kafin ta taɓa aljihun. Ta ɗauki hoton saƙon, da fuskarsa da lambarsa a sama, ta haɗa da hoton ƙunar, ta ɗora a shafinta:

“Ku gane fuskar nan. Ya sayi kwat lafiyayya, ya musanya, ya dawo da ƙonanniya yana neman kuɗi. 'Yan'uwa masu sana'a, ku yi hattara.”

Kafin gari ya waye maganar ta zagaya. Masu gwanjo suka yi ta turawa juna, masu saye suka yi ta yabon wayonta. Mabiyan shafin suka ninka uku. Mai dila, wanda take sayen kaya a hannunsa, ya zo da kansa ya yi mata barka. Mutum ne mai rumfa biyu a kasuwa da mota, ya daɗe yana barin ta ta fara tsinta kafin kowa, kuma ya riga ya aika wa babanta cewa yana ciki. Baba bai ce a'a ba.

Ranar Juma'a wani saƙon ya zo:

“Na je intabiyu jiya da rigar aro. Manaja ya juyo mini da wayarsa ya ce, wannan ba kai ba ne? Ya ce ba a ba wanda ake zargi da musanya kaya makullin sito. Na ga ya kamata ki sani.”

Ta karanta sau biyu, ta toshe lambar.

Bayan sati guda almakashinta ya faɗa bayan tebur. Ta janye tulin kayan da ta ware don Baba ya gyara, sai ga leda a ƙasa, a naɗe tsaf. Ta buɗe. Kwat ce mai launin toka, a goge, babu tabo ko ɗaya. Ta zura yatsu a aljihun ciki, ta ji ɗinki uku.

Nan take ta tuna. Guda biyu ne suka fito daga dila ɗaya, iri ɗaya, kamar kayan ma'aikatan wani ofis. Ɗaya lafiyayya, ta yi mata zare. Ɗaya ƙonanniya, ta ware ta don gyara. Ranar aikawa kaya sun yi mata yawa, mai babur yana ta danna oda a waje, hannunta ya ɗauki wadda ba ita ba.

Auta ta zauna a ƙasa, rigar a cinyarta. Ta daɗe a haka.

Da Mai dila ya kawo kaya ta nuna masa. Ya juya rigar, ya taɓe baki.

“Ki ba ni in sayar da ita can nesa. Ke da zaren nan kike ci, Auta. Ranar da kika ce zarenki ya yi kuskure, duk wanda kika taɓa hana wa kuɗi zai dawo miki. Yaron nan kuwa zai samu wani aikin. Matasa ne, mantuwa gare su.”

Ba ta ba shi ba, amma ta ji maganarsa. Ta rataye rigar a ƙusar bayan ƙofa, ta lulluɓe da tsohon labule. Ciniki ya ci gaba. A kwana na huɗu ta hango Dogo a tsallaken titi yana jiran motoci su wuce, alamar wurinta zai zo. Ta tura ƙofa ta sa sakata, ta tsaya a jikin rigarsa har ya gaji da ƙwanƙwasawa ya tafi.

Kwana goma sha tara. Tana ci, tana sha, tana amsa yabo.

A rana ta ashirin abin ya ci ƙarfinta. Ta buɗe lambarsa, ta tura masa kuɗinsa ba tare da kalma ɗaya ba. Ba a yi awa guda ba kuɗin suka dawo, da saƙo:

“Ba kuɗi kika ɗauka ba, Malama.”

Ta bi adireshin da ke takardar aike. Wata maƙwabciya ta kwatanta mata wurin wankin mota a ƙarshen layi. Can ta same shi, wando a nannaɗe zuwa gwiwa, kumfa har gwiwar hannu. Ya gan ta, ya kashe famfo.

Ta miƙa masa ledar. Ya goge hannu a cinya, ya buɗe, ya ga rigar. Ta nuna masa zaren da yatsa, ta kasa ɗaga kai.

“Ni na yi kuskure. Biyu ne. Ka yafe mini don Allah.”

“Yaushe kika gan ta?”

“Jiya,” in ji Auta.

Kalma ɗaya ce, kuma ƙarya ce.

Dogo ya sauke numfashi. “Jiya kika gani, yau kika zo da ƙafarki. Ba kowa zai iya ba. Na yafe.” Ya ɗan murmusa. “Abu ɗaya nake roƙo. Inda kika ce ni ɓarawo ne, ki koma can ki ce ba haka ba ne.”

“Zan yi. Bari in samu yadda zan tsara maganar.”

Ta goge rubutun a ranar. Gogewar ba ta amfana komai ba, don hoton yana cikin wayoyin mutane dubu. Gyaran maganar kuwa kullum sai gobe.

Bayan kwana biyu ya zo, wai hannun kwat ɗin ya yi masa gajere, ko Baba zai iya saki. Washegari ya zo ya ji ko an gama. Daga nan ya daina neman dalili. Da ya tashi aiki da yamma sai ya biyo, ya riƙe mata dogayen riguna tana ɗaukar hoto, wani lokaci ta sa masa su ta ɗauka daga wuya zuwa ƙasa.

“Tsaya daidai mana. Hanga ba ta motsi.”

“Hanga ba ta jin ƙaiƙayi. Wannan rigar ta tsohon soja ce ko ta buhu?”

“Ka yi shiru, ana biyanka ne?”

“Ana biyana. Ai ina kallonki.”

Ta jefe shi da safa, ta juya baya don kada ya ga fuskarta.

Da safe kafin ta buɗe ɗaki saƙonsa yake riga ta:

“Shuɗiyata, kin tashi lafiya? Yau na wanke wata mota shuɗiya, na daɗe a kanta har maigida ya ce ko tawa ce. Ki ci abinci kafin ki fara guga.”

Ita kuma ta amsa:

“Dogona, na ci. Ka shafa man da na ba ka, sabulun nan yana cin hannu. Kuma ka kula da ƙofofin mutane.”

Tana son sa, wannan gaskiya ne. Kuma duk lokacin da ya ce, “Abin da ya sa na yarda da ke, ba ki kwana da gaskiya a ciki ba,” sai tuwon bakinta ya zama ƙasa, ta yi dariyar yaƙe ta kawo wata hirar.

Baba ne ya fara magana. Ya tsayar da keken ɗinki, ya dube ta ta saman tabarau.

“Auta, yaron nan mai wankin mota. Ba shi kika ce ɓarawo ba?”

“Kuskure na yi, Baba.”

“Kin gaya wa mutane?”

“Zan gaya musu.”

“To. Ga mutum mai rumfa biyu yana jiran amsata, kin kawo mini wanda duniya ke kira ɓarawo, kuma ke kika raɗa masa. Me zan ce wa 'yan'uwana?” Ya mayar da ƙafa kan keke. “Ban yarda ba.”

Ta ɓangaren Dogo abin ya fi muni. Mahaifiyarsa mai kitso ce, a tsakar gidanta mata ke layi. Ranar da ya kai Auta ta gaishe ta, Umma ta bari ta gama durƙusonta tsaf, sannan ta ce:

“'Yar nan, bari in ba ki labari. Wata rana ina yi wa wata kitso, kanta a tsakanin gwiwoyina, sai ta ɗago mini waya ta ce, Umma, kin ga wani ɓarawon kwat? Ba ta san ɗana ba ne. Mata shida a zaune suna dariya. Na ƙarasa mata kitson.” Ta juya ga ɗanta. “Kai namiji ne, ba zan ɗaure ka ba. Amma ba da yawuna ba.”

A hanya Dogo ya yi ta ba ta baki. “Ki yi rubutun nan kawai, Shuɗiyata. Da ta ji kin wanke ni, za ta sauko.”

“Wannan satin,” in ji ta. Satin ya wuce.

Mai dila ya ga abin da yake jira yana neman kuɓuce masa. Sai ya ɗauki motarsa, wadda ba ta da datti, ya kai wurin wanki, ya ce dogon can yake so ya wanke masa. Ya tsaya a kansa har ya gama. Da zai tafi ya ce:

“Aikinka na kyau, samari. Kyauta zan ba ka. Ka tambayi mutuniyarka ranar da ta ga kwat ɗin nan. Ni dai an nuna mini ita sama da sati biyu kafin ta kawo maka.”

Auta tana guga saƙon ya shigo:

“Tambaya ɗaya. Yaushe kika ga kwat ɗin? Ki faɗa mini gaskiyar rana.”

Babu Shuɗiyata a farkonsa. Ta ajiye dutsen guga. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura:

“Kwana goma sha tara kafin in zo wurinka.”

Amsar ta ɗauki lokaci.

“Ranar intabiyu manaja ya ce in na kawo shaida cikin sati biyu zai sake dubawa, don na fi kowa cin jarrabawar. Na rubuto miki, saƙon bai shiga ba. Na zo ƙofarki na ƙwanƙwasa, ina jin motsinki a ciki. Ashe a lokacin rigar tana wurinki. Ashe da sauran kwanaki. Ki huta lafiya.”

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta tura saƙo bakwai, babu amsa. Ƙauri ne ya dawo da hankalinta: dutsen gugan da ta ajiye ya cinye bayan rigar wata mata.

Ta shiga shagon Baba ta durƙusa a gefen keke, ta faɗa masa komai, har sakatar da ta sa. Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

“Shekara arba'in ina ɗinki. Na ɓata yadin mutane ba sau ɗaya ba. Ban taɓa cewa mai yadi ne ya kawo shi a ɓace ba.” Ya miƙe. “Ni na ƙi yaron nan ina ganin ba shi da aikin kirki, ashe 'yata ce ta cinye aikin. Kawo wayar. Ni zan riƙe.”

A gaban farin bangon nan ta tsaya, kwat ƙonanniya a hannunta, ba kwalliya, ba tsara magana. Ta ce biyu ne, ita ta aika wadda ba ita ba. Ta ce mutumin da ta kira ɓarawo bai ɗauki ko allura ba. Ta faɗi ranar da ta gane, da ranar da ta rufe masa ƙofa, da aikin da ya rasa. Ta ce duk wanda ta taɓa hana wa kuɗinsa saboda zare, ya dawo. Bidiyon ya fito a karkace. A haka ta ɗora shi.

Abin da Mai dila ya faɗa ya tabbata. Mutane suka yi ta zuwa da ledoji. A cikinsu akwai masu gaskiya guda biyu ko uku, waɗanda ta kalle su kunya ta rufe ta. Sauran kuwa da tsummokaran da ba ta taɓa gani ba suke zuwa, in ta laluba aljihu su ce, “Zaren naki da ya riga ya yi ƙarya?” Ba ta da bakin musu. Ta mayar wa kowa. Mai dila ya daina ɗaukar wayarta. Cikin wata guda igiyoyin nan biyu suka koma hanga zalla, mabiya suka watse, masu zagi suka gaji suka tafi.

Ta je kamfanin da ƙafarta, ta jira manaja tun safe har azahar. Ya saurare ta, ya girgiza kai.

“Da kin zo a lokacin. Mun ɗauki wani, har ya saba da aiki.”

Daga can ba ta koma gida ba. Ta wuce gidan Umma, ta tarar da tsakar gida cike da mata. Ta durƙusa a tsakiyarsu.

“Ni ce na ɗora hoton ɗan Umma na ce ɓarawo ne. Ƙarya na yi masa. Na gane gaskiya na ɓoye. A nan aka kunyata Umma, shi ya sa na zo in faɗa a nan.”

Umma ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa layin da take kitsawa, ta tsaga wani, ta ƙarasa shi ma. Auta na nan durƙushe a kan siminti.

“Miƙo mini man can,” in ji Umma.

Ta miƙa.

“Ki samu kujera ki zauna. In na gama da wannan ki zo. Kitson kanki ya tsufa, kamar ba ki da kowa.”

Auta ta sa kanta a tsakanin gwiwoyin matar da ta kunyata, hawaye na ɗiga a zaninta. Umma ta ja gashin da ɗan ƙarfi, amma kitson ya yi kyau.

Bayan kwana uku, tana share ɗakin da babu komai a ciki, haske ya ragu a bakin ƙofa. Wani ya ranƙwafa ya shigo.

“Ƙofar nan har yanzu ba ta san da zuwana ba.”

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

“Na zo a mayar mini da kayana,” in ji Dogo.

“Babu abin da ya rage a ɗakin nan. Ka gani da idonka.”

Ya dafa ƙirjinsa. “Akwai. Na bar wani abu a nan tun wata Talata, kin riƙe, ba ki mayar ba, ba ki canza mini ba.”

Ta rufe fuska da mayafi. “Kada ka yi mini wasa, Dogo. Na cuce ka. Aikin nan ba zai dawo ba, na je na tambaya.”

“Na sani. Manajan ya kira ni ya ba ni haƙuri.” Ya zauna a bakin tebur. “Ba zan ce miki bai yi mini ciwo ba. Akwai safiyar da in na zuba hannu a ruwan sabulu sai in tuna, raina ya ɓaci. Wataƙila zan daɗe ina tunawa. Amma na gwada sati biyar ba ke, na ga wannan ya fi ciwo. Kuma na ga bidiyon. Baba bai iya riƙe waya ba.”

Dariya ta kuɓuce mata a cikin kuka.

“Abu ɗaya, Shuɗiyata. Ko ƙanƙanuwa ce, ko mai ɗaci ce, a ranar nake son ji. Kada ki ƙara ce mini jiya.”

“Ba zan ƙara ba, Dogona.”

Daga shago muryar Baba ta taso, a kan ƙarar keke. “In kun gama, yaro ya zo in auna shi. Hannun kwat ɗin nan wata uku ke nan yana jirana. Kuma ya turo manyansa, na gaji da ganinsa a bakin ƙofa.”

An ɗaura auren bayan wata biyu, ba taro mai yawa. Ango ya sa kwat mai launin toka, hannunta ya sauka daidai wuyan hannunsa, shuɗin zaren na nan a aljihun ciki, ya hana a cire. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai gaskiya, ya tsare bakinsu daga abin da za su yi nadama. Umma ta riƙo hannun Auta ta sa a na ɗanta.

“Ga shi nan, 'yata. Ki riƙe mini shi da kyau. Allah ya yi muku albarka.”

Aka shafa. Allah ya amsa, don suna zaune lafiya, kuma suna son juna.

Amma rubutun farko ya shiga wayoyin da ba su ƙirguwa, bidiyon kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na waɗannan mutane ba su gan shi ba. Har yau akan yi wanda zai kalli Dogo a tashar mota, ya sake kallonsa, ya taɓa na kusa da shi. Dogo yakan yi kamar bai gani ba. Auta tana gefensa, tana gani.

Shuɗin Zare ya mutu. Ita yanzu maɓalli take ɗinkawa a shagon babanta. Mijinta, wanda ya fi kowa cin jarrabawar sito, yana nan yana wankin mota. Kullum da yamma ita ke shafa masa mai a hannuwan da sabulu ya farfasa, kuma ta san wanda ya sa su a ruwan. Hukuncinta ke nan, kuma babu ranar ƙarewarsa.